Garin Da Ya Juya Wa Teku Baya



Tun da na fara aiko da 'yan rubuce-rubucena zuwa wannan mujalla tamu, Malam Edita ya sha yi mini tuni cewa in ba da labarin sana'ar da na fara yi lokacin da na sauka ƙasar Amurka, ni kuwa kullum sai in kawo wani uzuri. Yau dai zan faɗi gaskiya, kunya ce ta hana ni. Sana'ar kanta ba abin kunya ba ce, domin tura mutane nake yi a kujera mai taya, kuma ai babu maraya sai rago. Garin da na yi ta a cikinsa shi ne ke sa bakina nauyi, domin gari ne da in aka ambaci sunansa a Amurka ba abin da ke faɗo wa mutum a rai sai caca. Abin da ya sa na sake shawara shi ne wata ziyara da na kai garin tare da iyalina a shekarar 2024, da wata tambaya da 'yata ta yi mini a can, wadda zan kawo muku ita in mun zo wurin.

Sunan garin Atlantik Siti, yana jihar Niyu Jazi, a kan wani siririn tsibiri a bakin tekun Atlantika. Daga Filadalfiya tafiyar kimanin kilomita 100 ce, daga Niyok kuwa kimanin 200. Na isa can a watan Yuni na 2006, watanni kaɗan bayan na shigo ƙasar da bizar nan da ake ci ta hanyar ƙuri'a. Ba ni da sana'a, Turancina kuma na makaranta ne, in Ba'amurke ya yi magana sai na roƙe shi ya maimaita. Wani mutumin Damagaram da muka haɗu a masallaci a Filadalfiya, wanda ya girme ni da kamar shekara goma har nake ce masa Yaya, shi ne ya ce da ni, "Ƙanena, in kana da ƙarfin ƙafa ka biyo ni. Abin da za ka tara a wata uku, mai wankin kwanuka sai ya shekara bai gan shi ba." Na kuwa bi shi.

To bari in kwatanta muku aikin. A gaban garin, tsakanin gine-gine da yashin bakin teku, akwai wani titi mai faɗi wanda gaba ɗayansa da katako aka shimfiɗa shi, tsawonsa ya haura kilomita 6, kuma ba a barin motocin jama'a su hau shi. Wanda ya gaji da tafiya sai ya hau wata kujera ta saƙa mai rumfa da tayoyi, mai ɗaukar mutum biyu ko uku, wani ya tura shi daga baya, kamar dai yadda mai kura ke tura jarkokin ruwa a unguwa. Kujerar ta kamfani ce, haya muke ɗauka, mu biya balas kamar 'yan acaɓa, abin da ya yi saura namu ne. Tun cikin shekarun 1880 ake wannan sana'a a garin, kuma a zamanina yawancin masu yin ta baƙi ne irina. Mai tura kujera yana da wata dama wadda ko ɗan jarida ba shi da ita, wato mutane kan yi magana a gabansa kamar ba ya nan. Da abin da na ji a bayan kujera, da abin da na karanta daga baya, na haɗa tarihin garin a kaina.

Asalin garin neman lafiya ne ya kafa shi. Wani likita mai suna Jonathan Pitney ne ya yi ta tallata wurin cewa iskar tekunsa magani ce, har aka jawo layin dogo daga wajen Filadalfiya a 1854, talakawa ma'aikatan masana'antu suka sami wurin zuwa shan iska da kuɗi kaɗan. Shi kansa titin katakon a 1870 aka fara shimfiɗa shi, ba don komai ba sai don masu otal-otal da ma'aikatan jirgi sun gaji da yashin da baƙi ke kwaso musu a ƙafa. Daga nan gari ya bunƙasa. A nan aka fara gasar sarauniyar kyau ta Amurka a 1921. A 1929 aka buɗe wani katafaren zauren taro mai ɗauke da abin kiɗan nan na bututu irin na coci, wanda bututunsa suka haura 33,000. Wasan allo na Monopoly da wasu daga cikinku suka sani, sunayen titunan da ke jikinsa na wannan gari ne.

Amma tun a wancan lokaci garin ya koyi wata ɗabi'a da ta bi shi har yau, wato sayar wa baƙo abin da aka hana shi a gida. Daga 1920 zuwa 1933 doka ta haramta sayar da giya a duk Amurka, amma a Atlantik Siti, ƙarƙashin wani uban siyasa da ake kira Nucky Johnson, a fili ake sha, 'yan sanda na kallo. Da aka soke dokar, giya ta samu a ko'ina, sai garin ya rasa wani ɓangare na kasuwarsa. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kuma mota ta yawaita, jirgin sama ya yi araha, mai hali ya gwammace ya tafi Fulorida inda ba a sanyi. Garin da a 1930 yake da mutum wajen 66,000 ya shiga raguwa. A 1964 jam'iyyar Dimokurat ta yi babban taronta a can, 'yan jarida suka koma gida suna ba da labarin tsofaffin otal-otal masu yoyo da ƙazanta, asirin garin ya tonu a idon duniya.

Maganin da aka nemo shi ne caca. A 1976 mutanen jihar suka kaɗa ƙuri'ar amincewa a buɗe gidajen caca a wannan gari kaɗai, a watan Mayu na 1978 kuma gidan farko mai suna Resorts ya buɗe, mutane suka yi dogon layi a kan katako suna jiran shiga. A lokacin, in ba jihar Nebada ba, can yammacin ƙasar inda Las Begas take, babu inda doka ta yarda da irin waɗannan gidaje, saboda haka duk ɗan cacar gabashin Amurka nan ya dosa. Kuɗi suka shigo kamar ruwa. Waɗanda suka ɗan manyanta a cikinku za su tuna damben da Mike Tyson ya kayar da Michael Spinks cikin daƙiƙa 91 a 1988. To a wancan zauren taro da na ambata aka yi shi. A 1990 Donald Trump ya buɗe Taj Mahal, ɗaya daga cikin gidajen caca uku da ya mallaka a garin.

Ashe ni a daidai ƙololuwar abin na sauka ban sani ba. A 2006 gidajen caca 12 ne a garin lokacin da na zo, kuma abin da suka ci daga hannun 'yan caca a shekarar ya kai dala biliyan 5.2, adadin da ba su taɓa kaiwa ba, ba su kuma sake kaiwa ba a cikin zaurukansu. Manyan motocin safa ne ke sauke tsofaffi 'yan fansho daga Niyok da Filadalfiya tun da hantsi, kowa an ba shi 'yar takardar kuɗin somin-taɓi kyauta, domin gidan ya san in ka ɗanɗana za ka taɓa aljihunka. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda aka gina gidajen. Mutum zai ajiye motarsa a bene, ya bi wata gada mai rufi ya faɗa zauren caca kai tsaye ba tare da ƙafarsa ta taɓa titin gari ba. A zauren babu taga, babu agogo, ba ka sanin rana ta faɗi. Abinci yana ciki, kantuna suna ciki, wurin kwana yana sama. Ga teku nan shimfiɗe iyakar ganinka, taku kaɗan daga ƙofa, amma an tsara komai yadda ba za ka tuna da ita ba. Wallahi na tura mutanen da suka kwana uku a garin, sai a kan kujerata suka fara ganin ruwa.

A farkon watan Yuli na wannan shekara wani abu ya faru da ban manta ba. Gwamnan jihar da majalisa suka kasa daidaitawa kan kasafin kuɗi, aka rufe ma'aikatun gwamnati, ciki har da masu sa ido kan caca, doka kuwa ta ce ba a caca sai suna wurin. Kwana uku cur injinan suka yi shiru. Da safiyar ranar farko na ga mutane suna fitowa kan katako suna ƙifta ido kamar waɗanda aka fito da su daga rijiya. Kafin la'asar yawancinsu sun tattara sun tafi, motocin safa suka daina zuwa, muka jera kujerunmu muna hira har dare. Ana tsakiyar lokacin zafi, rana ta fito, ruwa ya yi kyau, amma garin ya zama kamar an yi shara. Yaya ya dube ni ya ce, "Ka gani ko? Ba don garin suke zuwa ba." A ranar mun ɗauka wasa ne na kwana uku. Ashe Allah ne ya nuna mana gaba.

Shi Yaya kuwa ƙarshensa a garin bai yi daɗi ba, kuma har yau in na tuna sai zuciyata ta yi nauyi. Mutum ne mai salla a kan lokaci, yana tara kuɗi don ya ƙarasa gini a gida ya kuma ɗauko iyalinsa. Wata rana wani fasinja ya ba shi irin takardar nan ta somin-taɓi a maimakon tukuici, ya shiga don kada ta lalace, ya fito da dala ɗari da 'yan kai. Na ce masa, "Yaya, ka ji tsoron Allah, wannan kuɗi ba shi da albarka." Ya yi dariya ya ce, "Kai da ka shigo ƙasar da ƙuri'a kake yi mini wa'azi?" Na ce ai ni ban zuba ko sisi ba. Ya ce to shi ma bai zuba ba. Gaskiyarsa, a ranar bai zuba ba. Kafin ƙarshen lokacin zafi na 2007 ya zuba duk abin da ya tara. Bayan gidajen caca akwai titin Pacific, inda shagunan jingina masu sayen zinariya suka jeru, ba sa rufewa da wuri domin sun san lokacin da masu bukatarsu ke fitowa. A ƙofar ɗaya daga cikinsu na yi masa ganin ƙarshe a garin, yana riƙe da agogonsa a hannu. Ya kawar da kai, ni ma na kawar, domin ban san abin da ƙane zai faɗa wa wansa a irin wannan wuri ba.

Akwai kuma wata dattijuwa baƙar fata, haifaffiyar garin, da ta kusa shekara tamanin, wadda duk ranar Lahadi bayan coci takan neme ni in tura ta zuwa daidai titin Missouri, ta ce in tsaya, ta yi ta kallon yashi. Ina ce mata Mama. Ita ta gaya mini cewa a ƙuruciyarta wannan ɗan yanki kaɗai aka yarda baƙar fata su yi wanka a bakin tekun, kuma da yake gidajen abincin kan katako ba sa karɓar su, da soyayyen kajinsu suke zuwa daga gida, har aka laƙaba wa wurin suna Gaɓar Ƙashin Kaza. Sunan raini ne, amma suka ɗauke shi suka mai da shi abin alfahari. Sai da aka yi dokar 'yancin jama'a ta 1964 wannan wariya ta kau. Ta ce baƙar fata ne suka riƙe otal-otal ɗin garin da girki da wanki da shara, suna zaune a unguwar arewa, inda suke da likitocinsu da shagunansu, da titin Kentucky mai gidan rawa na Club Harlem, wanda manyan mawaƙan Amurka irin su Sammy Davis Jr. suka yi wasa a cikinsa. Ta ce, "Ɗana, lokacin da za a kawo caca an ce mana kowa zai ji daɗi. In ka tashi aiki ka wuce titi biyu ka duba." Na kuwa duba. Filaye ne fetal da kangaye, domin 'yan baranda sun saye gidajen talakawa sun rushe suna jiran a zo a saya da tsada, ba a kuma zo ba.

Na bar garin a ƙarshen 2007 na koma Filadalfiya na shiga makaranta, kuma da kuɗin kujerar nan na biya zangon farko. Daga nesa na riƙa jin labarin faɗuwarsa. Abin da ya faru da giya shi ya faru da caca. Tun a ƙarshen 2006 jihar Fensilbaniya, maƙwabciya, ta fara buɗe nata gidajen, sauran jihohi suka bi, tsohuwar da ke shan tafiyar awa biyu a mota ta sami inji kusa da gidanta. Tattalin arzikin duniya ya karye a 2008. Guguwar Sandy ta afka wa yankin a watan Oktoba na 2012. Sai shekarar 2014, wadda a cikinta gidaje huɗu suka rufe, wato Atlantic Club da Showboat da Revel da Trump Plaza, mutum wajen 8,000 suka rasa aiki. Shi Revel, gini mafi tsawo a garin, dala biliyan 2.4 aka kashe wajen gina shi, ya buɗe a 2012, ya rufe bayan shekara biyu da 'yan watanni, aka sayar da shi dala miliyan 82. Taj Mahal ya bi sahu a 2016, a shekarar kuma gwamnatin jiha ta karɓe ragamar kuɗin garin saboda bashi ya yi masa katutu. Na leƙa garin sau ɗaya cikin hunturun 2015, na tarar da tsuntsayen teku sun fi mutane yawa a kan katako. Duniya rawar 'yan mata, na gaba ya koma baya.

To, a lokacin zafi na 2024 na ɗauki maiɗakina da yara muka je. Na kai su daidai inda nake ajiye kujerata, gaban Trump Plaza, sai na tarar da fili, domin an tashi ginin da nakiya tun watan Fabrairu na 2021. Na daɗe a tsaye ban ce komai ba. 'Yata, mai shekara goma sha biyu a lokacin, ta ja hannun rigata ta ce, "Abba, ba kai ka ce caca haramun ce ba? To me ya sa ranka ya ɓaci don an rushe gidanta?" Jama'a, na rasa amsa. Na saya musu alewar garin, na ce mu je mu ga ruwa. Amma tambayar ta bi ni har gida, kuma wannan rubutu shi ne amsar da na kasa ba ta a ranar.

Hukuncin caca a addininmu ba ya bukatar dogon bayani, kuma na ga abin da ta yi wa Yaya da idona. Ginin bai dame ni ba. Waɗanda na tuna su ne matan da ke gyaran gado a cikinsa, da masu dafa abinci, da masu gadi, da mu masu kujera, da Mama da unguwarta. A ƙidayar 2020 mutum 38,497 ne a garin, kusan ɗaya cikin uku yana cikin talauci, kuma ba su ne suka zaɓi a ɗora rayuwarsu kan ƙafa ɗaya ba. In garin ya mutu, masu manyan gidajen za su kwashe jarinsu su yi gaba, waɗannan bayin Allah su ne za a bari da kango. Saboda haka ina son garin ya farfaɗo, kuma a ganina caca ba za ta iya farfaɗo da shi ba ko da mutum ya ajiye maganar halal da haram a gefe.

Ga dalilina. Gidaje tara ne suka rage, bayan da aka sake buɗe Taj Mahal da sunan Hard Rock, da Revel da sunan Ocean, duk a 2018. Abin da suka ci a cikin zaurukansu a 2024 kimanin dala biliyan 2.8 ne, wato kaɗan ya haura rabin na shekarar da na zo. Tun 2013 jihar ta halatta caca ta intanet, a 2018 kuma Kotun Ƙolin Amurka ta buɗe ƙofar cacar wasanni, yanzu mutum yana kwance a gadonsa zai zubar da albashinsa ta waya, kamar dai yadda muke gani ga samarinmu a gida da cacar ƙwallo. Wanda ya yi caca ta waya ba ya kwana a otal, ba ya cin abinci a gari, ba ya hawa kujera. A ƙarshen 2025 kuma aka amince da lasisin manyan gidajen caca uku a cikin birnin Niyok kansa. Duk abin da za a iya kai wa mutum ƙofar gidansa, ba zai yi tafiyar kilomita 200 dominsa ba.

Abin da ba a iya sa wa a waya shi ne teku. A yawancin garuruwan gaɓar Niyu Jazi sai ka sayi tikiti kafin ka taka yashi a lokacin zafi, amma a Atlantik Siti kyauta ne, kuma wannan ba ƙaramin jari ba ne ga mai iyali. Na ga alamun an fara ganewa. Showboat ya sake buɗewa a 2016 a matsayin otal marar caca, a 2023 kuma ya ƙara da wani babban wurin wasan ruwa na yara mai rufi, wanda ke aiki har cikin hunturu. An kafa wani dogon lilo mai juyawa a kan gadar da ta shiga cikin teku. Tsohuwar hasumiyar fitilar jiragen ruwa ta 1857 tana nan, yarana sun hau matakalarta 228 suna ƙirgawa, ni kuwa gwiwa ta tuna mini da shekaruna. A bakin ruwa na ga iyalai 'yan asalin Bangaladesh da ke zaune a garin, mata da hijabansu suna jiƙa ƙafa, akwai masallatai, akwai wuraren cin abincin halal. Sai na tuna da ɗimbin Musulmin Filadalfiya da Niyok da ke neman inda za su kai yara bayan Salla, da Kiristoci masu riƙo da addini, waɗanda duk sunan garin kaɗai ke korar su. Waɗannan baƙi ne da ba a taɓa gayyata ba.

Amma baƙo ba ya sakewa a gidan da masu gida ba su sake ba. Muddin mutum zai sauka daga katako ya wuce titi biyu ya faɗa duhu da kangaye, to zai koma cikin otal ya kulle kansa, ko kuma ya ƙi dawowa. Gari ne da ya shekara da shekaru mazaunansa na kukan rashin cikakken babban kantin kayan abinci, har aka yi bikin aza harsashin wani a 2021, aikin ya watse. Tun 1984 akwai hukumar da aka kafa don ta juya wani kaso na kuɗin caca zuwa raya gari, da ƙasa baki ɗayan jihar, kuma da ni za a tambaya, da fitilun titi da gidajen haya masu sauƙi da kasuwa za a fara, kafin a sake gina wani dogon bene. Reshen Jami'ar Stockton da aka buɗe a bakin katako a 2018 ya fi burge ni a kan duk wani sabon otal, domin ɗalibi yana nan rani da damina, yana sayen burodi, yana bukatar mai aski. Haka nan babu jirgin ƙasa da ke tahowa kai tsaye daga Niyok, alhali kuwa jirgin ƙasa ne ya haifi garin. Sa'an nan ita kanta tekun da nake yabo tana da nata haɗarin, domin tsibirin a ƙasa yake, wasu titunan baya kan cika da ruwa ko ba a yi guguwa ba, kuma wanda zai zuba jari zai so ya ga an yi wa wannan tanadi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, saboda haka a wannan karon ya kamata a tambayi mutanen unguwa kafin a yanke musu.

Ba zan ruɗe ku ba, lilo da yashi ba za su biya albashin da gidajen caca ke biyan mutum fiye da 20,000 ba, kuma ba wanda ke da ikon rufe su gobe ba tare da ya jefa dubban gidaje cikin yunwa ba. Abin da nake hange shi ne gari mai ƙafafu da yawa, wanda ko da bai kai armashin da ba, in ƙafa ɗaya ta karye ba zai kife ba. Ɗaya daga cikin ƙafafun nan kuwa, 'yan uwa, irin aikinmu ce. Garin yana da labari. A wancan taro na 1964 ne wata baƙar mace manomiya daga Misisifi, Fannie Lou Hamer, ta tsaya gaban kwamiti ta bayyana irin dukan da ta sha don kawai ta nemi 'yancin yin zaɓe, maganarta ta girgiza Amurka. Akwai wata ƙungiya da ke raya tarihin Gaɓar Ƙashin Kaza da kiɗan jaz a lokacin zafi. Da na tsaya a wurin a 2024 na ba yarana labarin Mama, sun fi natsuwa a kan yadda suka yi a duk wuraren wasan da na biya kuɗi. Na tabbata akwai dubban iyaye baƙar fata da za su kawo 'ya'yansu su ji wannan, in an adana shi an kuma iya faɗarsa.

Nasihata ga ƙannena masu tasowa a rubutu ita ce wadda Mama ta yi mini: duk garin da kuka shiga, in kun gama kallon fitilu, ku wuce titi biyu ku duba, ku kuma saurari masu tura kura da masu shara. Ita Mama ban same ta ba da na koma, ban kuma sami wanda ya san inda ta yi ba. Shi kuwa Yaya, labari ya iske ni cewa ya koma gida, yana sana'arsa, ya rabu da abin. Ban nemi lambarsa ba har yau, amma da na gama wannan rubutu na yi niyyar nema, domin shi ya fara nuna mini hanyar abinci a baƙuwar ƙasa, kuma ban taɓa yi masa godiya yadda ta kamata ba.

Allah ya tsare mu da zuriyarmu daga dukiyar da ba ta da albarka, ya sa alƙalumanmu su zama masu amfani. Wassalam.